Makunnin Wuta Mai Ƙwaƙwalwa: Abin Da Tsofaffin Gidajen Faris Da Liyon Ke Nuna Wa Mai Saye

Duk wanda ya taɓa hawa matakalar tsohon gidan bene a birnin Faris na ƙasar Faransa da daddare, ya san wani ɗan maɓalli da ke ƙyalli ja-ja a jikin bango a kowane hawa. Da zarar an danna shi sai fitilun matakalar su kama baki ɗaya, bayan minti biyu ko uku kuma su mutu da kansu, ko mutum ya isa ƙofarsa ko bai isa ba. Faransawa na kiran wannan abu minuterie, kuma sun daɗe da shi tun kafin a san wani abu wai shi intanet. Baƙi da dama sun sha lalube cikin duhu a hawa na huɗu da akwati a hannu, amma dai babu fitilar matakalar da ke kwana a kunne.

A yau wannan dabara ta baro matakala ta shigo falo da ɗakin kwana, ta kuma ƙaro wayo. Makunnin da muke magana a kansa yana nan a bango kamar wanda kowa ya sani, sai dai a cikinsa akwai 'yar ƙwaƙwalwa da 'yar na'urar rediyo, ta yadda mai gida zai iya kunna fitila ko ya kashe ta da wayar salularsa ko da yana wani gari, ko ya tsara mata lokacin kamawa da na mutuwa, ko ya danna maɓalli guda a bakin ƙofa duk fitilun gidan su mutu.

Hankalin Faransawa ya ƙara karkata ga irin waɗannan kaya ne a shekarar 2022, lokacin da yaƙin Rasha da Yukren ya tayar da farashin makamashi a Turai, a daidai lokacin da tashoshin nukiliyar Faransa da yawa ke rufe domin gyara. A watan Satumba na shekarar, Magajiyar Garin Faris ta lokacin, Anne Hidalgo, ta ba da umurnin a riƙa kashe fitilun hasumiyar Eiffel da ƙarfe 11:45 na dare maimakon ƙarfe ɗaya. Kuɗin wutar gidaje ya ƙaru da kashi 15 cikin ɗari a watan Fabrairun 2023, ya sake ƙaruwa da kashi 10 a watan Agusta, kafin a rage shi da kimanin kashi 15 a Fabrairun 2025. Idan birnin da ake yi wa kirari da birnin haske ya koma lissafin ƙwan fitila, ina ga talaka mai ɗaki biyu?

Dalilin da ya sa muka ga ya dace mu kawo wa mai karatu wannan bayani shi ne, kayan sun riga sun iso mu. Ana ganinsu a shagunan kayan wuta na Sabon Gari a Kano, ana ganinsu a sababbin gidajen Abuja da Kaduna, sannan 'yan uwanmu da ke zuwa Turai da Dubai da Sin kan cuso su a jaka a matsayin tsaraba. Da yawa daga cikinsu kuwa a kwali suke ƙarewa, domin an yi cinikin biri a sama. Matsalolin da ke hana su aiki a gidajenmu kusan su ne mazauna Faris da Liyon suka riga mu cin karo da su.

Ƙwai, makunni ko ɗan akwati

Hanya uku ce ake bi. Ta farko ita ce a sayi ƙwan fitila mai ƙwaƙwalwa, irin Philips Hue da aka fara sayarwa a 2012, a ɗaura shi a mazaunin tsohon ƙwai, shi ke nan. Babu kiran mai gyaran wuta, babu taɓa bango. Illarsa ita ce, da zarar wani ya kashe makunnin bango kamar yadda ya saba tun yana yaro, ƙwan ya mutu ke nan, wayar salula ba za ta same shi ba har sai an tashi an je an kunna. A gidan da ke da yara da tsofaffi da baƙi, wannan na faruwa kullum, har ta kai wasu na liƙe makunninsu da salatif, abin da ba ya yi wa falo kyau.

Hanya ta biyu ita ce a cire tsohon makunnin a sa sabo mai ƙwaƙwalwa. Ta uku kuwa a bar tsohon a inda yake, a cusa wani ɗan akwati da bai kai na ashana ba a bayansa, cikin ramin bango. A ganinmu waɗannan biyun su suka fi dacewa da gidan iyali, domin duk wanda ya shigo zai danna bango fitila ta kama, ba sai an koya masa komai ba.

Faransa ba baƙuwa ba ce a wannan sana'a. Kamfanin Legrand da ke garin Limoges, wanda ke cikin manyan masu ƙera makunnai da soket a duniya, ya saye kamfanin Netatmo na Boulogne-Billancourt da ke gefen Faris a 2018, kuma tare suka fitar da makunnan Céliane masu magana da waya. Schneider Electric mai hedkwata a Rueil-Malmaison yana da nasa mai suna Wiser. Ban da su ga Shelly na ƙasar Bulgeriya, ga Sonoff da Tuya da Aqara na ƙasar Sin, waɗanda su ne suka fi yawa a kasuwanninmu saboda araha.

Wayar da ba ta cikin bango

Babbar tambayar da ya kamata mai saye ya amsa tun kafin ya ciro kuɗi ba ta shafi sunan kamfani ba. Tambayar ita ce: wayoyi nawa ne a bayan makunninka?

Wutar gida kan shigo ta waya guda, wadda masu aikin wayarin ke kira layif, ta ratsa ƙwan fitila, sannan ta koma ta wata wayar da suke kira nutural. Makunni na gargajiya ba ya shan wuta, aikinsa kawai ya yanke hanya ko ya haɗa ta, saboda haka masu wayarin ba su ga dalilin ɓata waya wajen kai masa nutural ba. Sukan kai masa layif, su fitar da wata wayar zuwa fitila, nutural kuwa ta wuce ta silin kai-tsaye. Haka aka yi a mafi yawan gidajen Faransa, haka aka yi a Ingila, mu ma da muka gaji tsarin Ingila haka aka yi mana. To amma makunni mai ƙwaƙwalwa na'ura ce mai buƙatar 'yar wuta dare da rana domin ya riƙa sauraron umurni, ko da fitilar a kashe take. Idan babu nutural, daga ina zai ci?

A sabon gini abu ne mai sauƙi, sai a ja ƙarin waya. A Faris kuwa ba haka abin yake ba. Kaso mai yawa na gidajen tsakiyar birnin an gina su ne bisa fasalin Baron Haussmann, wanda ya sake zana birnin tsakanin 1853 da 1870, tun kafin lantarki ya shiga gidaje. An shigar musu da wuta ne daga baya, an kuma yi ta faci shekara da shekaru, wani wuri wayar na cikin bututu, wani wuri an binne ta cikin filasta, ga silin mai ado da ba wanda zai yarda a fasa. A ƙa'idar wayarin ta Faransa mai lamba NF C 15-100, shuɗiyar waya ita ce nutural, mai ratsin kore da rawaya ita ce ta ƙasa, amma a gidan da aka yi wa wayarin shekara sittin da suka wuce, launi ba abin dogaro ba ne, sai an gwada da na'ura. Doka ta tilasta wa mai sayar da gida tun 2009, da mai ba da haya tun 2018, ya gabatar da takardar binciken wayarin idan ya haura shekara 15. Takardar kan nuna inda haɗari yake, amma nutural a bayan makunni sai an buɗe an duba.

Kamfanoni sun samo dabara, inda suka ƙera makunnin da ba ya buƙatar nutural. Shi wannan yakan saci 'yar wuta kaɗan ta cikin ƙwan fitilar, wadda ba ta isa ta haska shi ba. A zamanin tsohon ƙwai mai wat 60 babu wanda zai lura. Amma Tarayyar Turai ta kawar da irin wannan ƙwai daga kasuwa tsakanin 2009 da 2012, kowa ya koma ƙwan LED mai wat 5 ko 9, wanda 'yar wutar da aka sata ta ishe shi ya riƙa ƙifta ido ko ya yi ta haske dishi-dishi cikin dare alhali an kashe shi. Maganin wannan shi ne a ɗaura wata 'yar kafasita, 'yar uwar wadda muka sani a jikin fanka, a wajen ƙwan can sama. Wasu kamfanonin kan sako ta cikin kwali, wasu kuma sai an saya daban. Duk wanda zai sayi makunni marar nutural ya tambayi mafi ƙarancin wat ɗin da yake ɗauka, ya kuma tambayi kafasitar.

Shawararmu ga wanda ke gini yanzu, ko a Liyon ko a Rijiyar Zaki, ita ce ya sa mai wayarin ya kai nutural kowane makunni, ko da bai da niyyar sa mai ƙwaƙwalwa a bana. Kuɗin 'yan yadudduka na waya ne, bai kai na fasa bango bayan an yi fenti ba.

Sai batun rami. Ramin makunni a Faransa zagayayye ne, faɗinsa milimita 67, zurfinsa galibi 40, akwai mai 50, a tsofaffin gidaje kuma akan samu wanda bai kai haka ba. Ɗan akwatin da za a cusa yana son wuri, ga wayoyi, ga makunnin kansa. Idan aka danna su da ƙarfi waya na iya kuɓucewa ta yi zafi, daga nan kuma gobara ba ta da nisa. Akwai kuma fitilar da ake kunnawa daga wuri biyu, kamar ƙasan bene da samansa, wadda Faransawa ke kira va-et-vient, wato je-ka-ka-dawo. A nan makunni ɗaya kawai ake sauyawa da mai ƙwaƙwalwa, ɗayan ya zama ɗan aike, idan aka sa biyu a jere sai su riƙa yanke wa juna wuta. Wannan duk aikin mai gyaran wuta ne da ya san hannunsa, kuma ba a taɓa komai sai an sauke babban makunnin gida, domin wutar Faransa da tamu duk bolt 230 ce, ba ta san gwani ba.

Bangon dutse da bangon ƙasa

Bayan waya sai rediyo, wato yaren da makunnin zai yi magana da shi. Mafi arha su ne masu amfani da Wi-Fi, waɗanda ke haɗuwa kai-tsaye da na'urar raba intanet ta gida ba tare da wani ƙarin akwati ba. Ga mai makunni biyu ko uku wannan ya wadatar. Amma a gidan bene na Faris, inda mutum zai buɗe wayarsa ya ga Wi-Fi na maƙwabta sun yi jerin gwano, zangon da waɗannan makunnai ke hawa a cike yake, ga bangon dutse mai kauri da ke shanye sigina. Na'urar raba intanet da kamfanin waya ke bayarwa ita ma takan fara shure-shure idan aka ɗora mata na'urori da yawa.

A Liyon kuwa akwai wani abin sha'awa. A unguwar Croix-Rousse da ke kan tudu, inda masaƙan siliki suka zauna a ƙarni na 19, ɗakunan suna da tsawon kusan mita huɗu domin su ɗauki injin saƙa na Jacquard. Gine-gine da dama a birnin da ƙauyukan kewayensa kuma da jar ƙasa aka yi su, ana zuba ta cikin katako ana kirɓawa, abin da suke kira pisé. Wani magini ɗan Liyon mai suna François Cointeraux ya yi rubuce-rubuce a kan wannan gini tun ƙarshen ƙarni na 18. Wato dai ginin ƙasa ne irin na Birnin Zazzau da cikin ganuwar Kano, sai dai nasu an yi masa shafe an ɓoye. Katangar ƙasa mai kaurin rabin mita tana riƙe sanyi da ɗumi yadda ake so, tana kuma riƙe siginar rediyo yadda ba a so.

Abin da ya fi dacewa da irin waɗannan gidaje shi ne Zigbee, wanda makunnan Legrand da na Philips da na IKEA ke amfani da shi. Hikimarsa ita ce, na'urorin da ke jone da wuta sukan miƙa wa juna saƙo hannu da hannu, na falo ya ba na baranda, na baranda ya ba na ɗaki, har ya isa inda aka aike shi. Ke nan yawansu ƙarfinsu. Sai dai yana buƙatar uwar na'ura guda da za ta riƙe su duka. Akwai kuma wani tarko da ba a faye rubutawa da manyan baƙaƙe a kwali ba: da yawa daga makunnan da ba su da nutural ba sa miƙa saƙon wasu, domin 'yar wutar da suke sata ba ta isa ba. Mutum na iya cika gida da su, na ƙuryar ɗaki ya ƙi ji. Maganinsa a soka soket mai ƙwaƙwalwa ɗaya ko biyu a tsakiyar hanya domin su zama gada.

Akwai Z-Wave, wanda ya fi ratsa bango, amma zangonsa ya bambanta daga nahiya zuwa nahiya, na Turai 868, na Amurka 908, saboda haka wanda aka sayo a Amurka ba zai gaisa da wanda aka sayo a Faris ba. Kayan Amurka ma gaba ɗaya a yi hattara da su, domin wutarsu bolt 120 ce.

Wanda ya fi burge mu shi ne makunnin da ba shi da waya ba shi da batir. Ƙarfin yatsan da aka danna shi da shi ne ke haifar da 'yar wutar da za ta tura saƙo. Kamfanin EnOcean na Jamus, wanda ya ɓalle daga Siemens a 2001, shi ya yi fice a kai, Legrand da Schneider ma suna sayar da irinsa. Liƙa shi ake yi a bango ko a gefen gado. Wannan ya yi wa 'yan haya daɗi, kuma fiye da rabin mazauna Faris 'yan haya ne. Dokar haya ta ranar 6 ga Yulin 1989 ta hana ɗan haya sauya fasalin gida ba tare da rubutaccen izinin mai gida ba, don haka abin da za a iya ɓamɓarewa a tafi da shi ranar tashi ya fi kwanciyar hankali.

Makullin yana hannun wa?

A nan ne muke son mai karatu ya ƙara natsuwa. Makunnai da yawa, musamman masu arha, idan ka danna wayarka kana zaune a falo, saƙon ba fitilar da ke saman kanka yake zuwa ba. Sai ya fita ta intanet ya je manyan kwamfutocin kamfanin a wata ƙasa, sannan ya dawo gidanka. Ranar da intanet ya yanke, ko kamfanin ya rufe, ƙwaƙwalwar ta tafi.

Wannan ba hasashe ba ne. A 2016 kamfanin Nest, mallakar Google, ya kashe uwar na'urar Revolv da mutane suka saya da kuɗinsu, ta zama kwalin banza. A watan Afrilun 2022 kamfanin Insteon na Amurka ya kashe kwamfutocinsa dare ɗaya ba sallama, sai bayan wata biyu wasu daga cikin masu amfani da kayan suka haɗa kuɗi suka saye shi suka tayar. A watan Yulin 2025 kamfanin Belkin ya sanar da cewa daga ƙarshen Janairun 2026 zai janye hannu daga mafi yawan kayansa na Wemo. A ranar 20 ga Oktoban 2025 kuma, tangarɗar da aka samu a rumbun kwamfutocin Amazon da ke jihar Bajiniya ta sa na'urorin gida da dama a sassan duniya suka daina amsa kira na sa'o'i. Makunnin bango na gargajiya kan yi shekara talatin yana aiki. Kamfanonin intanet nawa ne suka yi wannan tsawon rai?

Ɗaya daga cikin amsoshin wannan matsala daga yankin Liyon ta fito. Manhajar Jeedom, wadda aka fara a 2014 kuma kamfaninta ke Rillieux-la-Pape a arewacin birnin, ana ɗora ta ne a kan wata 'yar kwamfuta da ke zaune cikin gida, ita ke riƙe da dukkan tsare-tsare, ko da intanet ko babu. Takwararta da ta fi shahara a duniya ita ce Home Assistant. Gaskiyar magana, waɗannan sai mai haƙuri da son ƙwaƙule-ƙwaƙule, ba kowane magidanci ne zai iya ba. Ga sauran jama'a akwai ƙa'idar Matter da aka fitar a watan Oktoban 2022, wadda Apple da Google da Amazon da Samsung suka amince da ita, domin kayan kamfanoni daban-daban su fahimci juna, kuma umurni ya riƙa tafiya a cikin gida ba sai ya fita waje ba. Har yanzu tana da gyare-gyare, amma ganin tambarinta a kwali alama ce mai kyau.

Akwai kuma batun sirri. Lokacin da fitilar ɗakinka ke kamawa da lokacin da take mutuwa sun isa su nuna yaushe kake tashi, yaushe kake kwanciya, yaushe ka yi tafiya. Faransawa sun yi wannan muhawara a kan mitar zamani ta Linky, wadda aka fara gwajinta a Liyon da yankin Indre-et-Loire a 2010, aka kuma soma rarraba ta ko'ina a ƙarshen 2015 har ta kai gidaje kusan miliyan 35. A watan Fabrairun 2020 hukumar kare bayanan jama'a ta ƙasar, CNIL, ta ja kunnen kamfanonin EDF da Engie kan yadda suke neman yardar mutane kafin tattara bayanan shan wutarsu dalla-dalla. Su ke nan da ke da hukuma mai haƙora. Wanda ya sauke manhajar da bai san mai ita ba a Kano, wa zai kai wa ƙara?

Shin kwalliya na biyan kuɗin sabulu?

Masu talla kan ce makunnin zai rage kuɗin wuta. Bari mu yi lissafin tare. Ƙwan LED mai wat 9 da ke aiki awa uku kullum yana shan kusan yunit 10 a shekara. Makunni mai ƙwaƙwalwa da ke shan wat ɗaya yana jiran umurni dare da rana zai sha yunit 8.76 a shekara. Wato mai gadin ya kusa cinye abin da aka ba shi tsaro. Masu Zigbee sun fi masu Wi-Fi ƙarancin ci, wasu ba su kai rabin wat ba, amma duk da haka ribar ba ta taka kara ta karya ba. A Nijeriya, inda hukumar NERC ta kai yunit ɗaya Naira 225 ga 'yan rukunin Band A a watan Afrilun 2024 kafin a ɗan sassauta, makunni 20 masu shan wat ɗaya-ɗaya za su ci yunit 175 a shekara in da wuta za ta zauna, wato wajen Naira 39,000 a kan farashin Naira 225.

Inda ake samun rangwame na gaske shi ne wurin manyan masu cin wuta. A Faransa su ne na'urar ɗumama ɗaki da tankin ruwan zafi, wanda tuni aka saba haɗa shi ya riƙa kamawa a sa'o'in da wuta ke da arha. A Liyon, rukunin gine-ginen Hikari da aka buɗe a unguwar Confluence a watan Satumban 2015, wanda maginin Japan Kengo Kuma ya zana da nufin ya samar da wutar da ta fi wadda yake sha, bai dogara da makunnin fitila kaɗai ba, an haɗa da farantan sola da tsarin lura da zafi da sanyin ginin baki ɗaya. A wurinmu manyan su ne na'urar sanyaya ɗaki da hita da famfon burtsatse. Kada dai a kuskura a ɗora ɗaya daga cikinsu a kan makunnin fitila, kowane makunni da nauyin da aka rubuta masa, kuma na fitila ba ya ɗaukar inji.

Amfanin makunnin fitila na zahiri yana wajen sauƙi da tsaro: tsohuwar da ba sai ta taka cikin duhu ba kafin ta kai bango, fitilar ƙofar gida da ke kamawa da kanta, gidan da masu shi suka yi tafiya amma fitilunsa na kamawa suna mutuwa kamar da mutane.

Saiti

Bayan an ɗaura, a fara da ba kowane makunni suna na hankali, falo, zaure, ɗakin Hajiya, tsakar gida, domin wanda ya bar su da lambobin da suka zo da su zai kashe wa maigida fitila yana cin tuwo. A sauya kalmar sirrin da aka zo da ita. Masu Wi-Fi galibinsu zangon 2.4 kawai suke ji, idan wayar mutum na kan zango na 5 a lokacin haɗawa abin na iya ƙi, mutum ya ɗauka kayan ne suka lalace.

Fitilar waje a ɗaure ta da faɗuwar rana, kada a ɗaure ta da agogo. A Faris rana kan faɗi kusan ƙarfe 10 na dare a watan Yuni, a Disamba kuwa kafin ƙarfe 5 na yamma ta faɗi, ga sauyin agogo da suke yi sau biyu a shekara. A Kano tazarar ba ta kai awa guda ba, amma duk da haka ya fi kyau a ce fitila ta kama da magariba ta mutu bayan asuba. Tsare-tsaren kuma kada su yi yawa. Na'urar da ke kashe fitilar banɗaki saboda mutum bai motsa ba na minti biyu, ba a jima ake cire ta. Game da ba da umurni da baki, Alexa da Siri ba sa jin Hausa, don haka maɓallin bango shi ne na kowa da kowa.

Kafin a sallami mai gyaran wuta, a zare na'urar intanet daga soket a zagaya gidan ana dannawa, a ga abin da ke aiki da abin da ya mutu.

Idan aka zo gida

Mai sayo tsaraba daga Faris ya tuna cewa ramin makunni a Nijeriya mai kusurwa huɗu ne irin na Ingila, fuskarsa milimita 86, makunnin Faransa ba zai zauna daidai a ciki ba, ɗan akwatin nan na baya ne kawai bai damu da siffar rami ba muddin akwai zurfi. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Yamai kuwa, da yake tsarin Faransa suka gada, kayan sun fi saurin dacewa da bangonsu.

Babban bambancinmu da su shi ne wutar kanta. An ƙera waɗannan kaya ne domin ƙasashen da ɗaukewar wuta labari ne na jarida. Mu kuwa a watan Oktoban 2024 jihohin Arewa da dama sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta, Nijar ma ta ɗanɗana kuɗarta lokacin da Nijeriya ta yanke mata wuta a watan Agustan 2023. Wutar da ke dawowa da ƙarfi tana ƙona ƙwaƙwalwar makunni kamar yadda take ƙona talabijin, saboda haka na'urar kare gida daga hauhawar wuta a babban allo ta riga makunni zama dole. Ƙaramin janareta da inbata mai arha kan ba da wutar da ba ta da santsi, makunni marar nutural kuma shi ya fi saurin nuna ɓacin ransa da ƙifta fitila. Uwar na'ura da na'urar intanet su ma a ɗora su a kan inbata, in ba haka ba duk sauyin layi sai an jira su sun farfaɗo.

Akwai kuma wani saiti guda a cikin manhajar da mazaunin Liyon zai iya shekara goma bai leƙa ba, wato abin da makunni zai yi idan wuta ta dawo bayan ta ɗauke. Zaɓi uku ne: ya kama, ya zauna a kashe, ko ya koma yadda yake kafin a ɗauke. Ƙwayayen fitila masu ƙwaƙwalwa da yawa sukan fito daga masana'anta a kan zaɓin farko, wanda ke nufin idan an kawo wuta ƙarfe uku na dare, gidan zai haske tar har ɗakin jariri. A sa na ɗakunan kwana su zauna a kashe, na falo da kicin su koma yadda suke, na ƙofar gida da tsakar gida kuwa a bar su su kama.